Allon Taɓawa a Ajin Karkara: Yadda Malami Zai Ci Moriyarsa Daga Bichi Zuwa Ɗanbatta

A watan Oktoban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana cewa gwamnatin tarayya na da burin ganin allon zamani mai aiki da taɓawa ya isa makarantun Najeriya kafin ƙarshen 2027. Tun kafin nan hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, ta gina makarantun gwaji na zamani a jihohi, waɗanda aka tsara ajujuwansu da irin wannan allo. A Kano kuwa, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024, inda ya ce akwai makarantu kusan 400 da malami ɗaya tak ke riƙe da su.

Idan aka haɗa waɗannan labarai, za a ga cewa allon taɓawa na iya isa wasu makarantun Bichi, Ɗanbatta, Makoɗa, Tsanyawa, Bagwai ko Minjibir alhali ana fama da ƙarancin malamai, kujeru da wutar lantarki. Allo ɗaya na cin kuɗin da zai yi benci masu yawa. In aka kafa shi ba tare da tsari ba, zangon karatu ɗaya ya isa ya koma talabijin mai tsada da aka lulluɓe da zani a kusurwar ofis. In kuma aka san yadda za a bi da shi, yana iya sauƙaƙa wa malami mai ɗalibai tamanin abin da alli ba zai iya ba.

Mene ne allon taɓawa?

Duk mai riƙe da wayar Android ya riga ya san rabin labarin. Allon taɓawa babban sikirin ne da ake rataye shi a bango, ana rubutu a kansa da yatsa ko da alƙalami na musamman, ana jan hoto daga wannan gefe zuwa wancan, ana buɗe bidiyo, ana adana abin da aka rubuta a dawo da shi gobe. Mutane da yawa na kiran sa SMART Board, amma wannan sunan hajar kamfani ɗaya ne, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo. Kamfanin SMART Technologies na birnin Kalgari a Kanada ne ya fito da nasa allon a 1991, daga baya wasu kamfanoni irin su Promethean na Ingila suka shigo kasuwar.

Iri biyu ne aka fi samu. Na farko haɗin gambiza ne na abubuwa uku: kwamfuta, majigi, da farin allo mai jin taɓawa. Majigin na haska abin da ke cikin kwamfutar a kan allon, allon kuma na gaya wa kwamfutar inda aka taɓa. Na biyu, wanda ya fi yawa a kasuwa yanzu, kamar ƙatuwar talabijin yake mai inci 65, 75 ko 86, da Android a cikinsa, ba ya buƙatar majigi. Wasu suna da gurbi a baya da ake zura ƙaramar kwamfutar Windows.

Yawancin waɗannan alluna ba sa gane taɓawa irin yadda waya ke ganewa. A gefunansu huɗu akwai jerin ƙananan fitilu masu fitar da hasken da ido ba ya gani, irin na rimot, da kuma na'urorin da ke karɓar hasken a ɗaya ɓangaren. Hasken na saƙa wata raga a saman gilashin. Da yatsa ya ratsa ragar, allon zai lissafa inda aka katse hasken. Shi ya sa ko da tsinke aka taɓa shi yana amsawa, kuma shi ya sa ƙuda, hannun riga ko ƙurar da ta taru a gefen ke sa ya yi ta rubutu shi kaɗai. Wanda ya fahimci wannan ya gama da rabin “lalacewar” da za a kira shi a kai.

Darasin da Ingila ta biya kuɗi ta koya

Babu ƙasar da ta rungumi allon nan da wuri kamar Ingila. A tsakanin 2003 da 2005 gwamnatinta ta ware kusan fam miliyan 50 domin saya wa makarantu. Bayan nan aka yi bincike guda biyu da suka fito a 2007, kuma duk mai shirin kafa allo ya kamata ya san abin da suka gano.

Na farko, wanda Gemma Moss da abokan aikinta na Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan suka yi a makarantun sakandaren Landan, bai ga wani ƙarin ci a sakamakon ɗalibai ba a shekarar farko. Har ma masu binciken sun lura cewa a wasu ajujuwa darasi na tafiyar hawainiya, saboda ana ta kiran yara ɗaya bayan ɗaya su zo su taɓa allo, sauran kuma suna zaune suna kallo. Na biyu, wanda Bridget Somekh ta jagoranta a makarantun firamare, ya ga ci gaba a wasu darussa, amma ya fi bayyana ne a inda malamai suka daɗe suna amfani da allon, kimanin shekara biyu, har ya zame musu jiki.

Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a fannin ilimi ya kawo makamancin haka daga ƙasar Peru, inda aka raba kwamfutocin hannu sama da miliyan ɗaya ba tare da an haɗa su da tsarin koyarwa ba, kuma karatun yara bai ƙaru ba. Abin da za a ɗauka a nan a fili yake: amfanin allon ya rataya ne a kan abin da malami ya sa ɗalibai su yi da shi, kuma malamin na buƙatar lokaci da horo kafin hannunsa ya faɗa.

Yaron Bichi ko na Ɗanbatta ba baƙon allo ba ne. A makarantar allo shi ke riƙe da allonsa, shi ke rubutawa, ya biya wa malam, a gyara masa, ya wanke ya sake. Kowane almajiri yana da aikin yi a hannunsa a kowane lokaci. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora allon zamani a kai: a cikin minti arba'in na darasi, yara nawa ne suka yi tunani, suka rubuta, suka amsa, aka gyara musu?

Wuta tukuna

Tsarin kuɗin wuta na Najeriya ya kasa layuka gida biyar. Rukunin A ne ke da alƙawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Ko makaranta na kan layin KEDCO, babu tabbacin cewa awannin nan za su faɗo tsakanin takwas na safe da ɗaya na rana, kuma makarantun ƙauye da yawa ba su da layin ma gaba ɗaya. Janareto kuma ga tsadar mai, ga ƙara a bakin taga. Saboda haka sola ce mafita, kuma lissafinta ba shi da wuya.

A bayan kowane allo akwai takardar da aka rubuta yawan wutar da yake ja. A ɗauka, domin misali, allo da kwamfutarsa na jan watt 250. In za a kunna shi awa huɗu a rana, an sha watt-awa 1,000. A ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda asarar da ake yi a inbata da wayoyi, ya zama 1,200. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 200 na ɗauke da watt-awa 2,400, amma in mai ruwa ne ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, wato 1,200 ke nan daidai. Farantin sola mai watt 400, in ya samu awa biyar na rana mai ƙarfi, zai ba da kusan 1,500 bayan an cire asara. Faranti ɗaya zai riƙe allon a ranar da gari ya waye tas, amma biyu sun fi kwanciyar hankali saboda hazon hunturu da hadarin damina. Sa'ar da aka yi ita ce lokacin makaranta da lokacin rana ɗaya ne, don haka batirin ba ya shan wahala sosai.

Abu biyu ke kashe wannan tsari. Na farko, da zarar sola ta shigo makarantar ƙauye sai ta zama wurin cajin unguwa, a wayi gari batir ya mutu kafin shekara. Dole kwamitin makaranta ya yanke doka tun ranar farko. Na biyu, rashin abin kariya daga hawa da saukar wuta da kuma tsawa. In ana haɗa allon da wutar layi, a sa masa sitabilaiza, a kuma zare filoginsa idan hadari ya haɗu.

Ƙura, zafi da haske

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina, musamman a ajin da tagoginsa ba su da marfi. Allon da ke aiki da ragar haske na buƙatar a share gefunansa da busasshen ƙyalle mai laushi kowace safiya, ba a fesa masa ruwa kai-tsaye, a kuma rufe shi da mayafi bayan an tashi. Majigi ya fi shan wahala, domin fankarsa na zuƙo iska da ƙura. In matatarsa ta toshe zai yi zafi ya kashe kansa, ƙwansa kuma ya mutu kafin lokaci. Farantin sola ma na so a wanke shi duk mako a wannan lokaci. Ƙurar alli ita ma ƙura ce, don haka in baƙin allo na kusa, a riƙa goge shi da danshin tsumma.

A watan Afrilu zafin Kano na haura digiri 40, alhali yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce 35 zuwa 40 ba. Ajin da ke da kwano babu silin ya fi waje zafi da tsakar rana. Gyaran silin na cikin kuɗin allo, kuma a bazara gara a sa darussan da ke buƙatar allon da safe.

Sai haske. Kada a kafa allon yana fuskantar taga ko ƙofa, domin ƙyallin rana zai hana na gefe gani, kuma rana kai-tsaye na rikita ragar hasken. Majigi kuwa hotonsa na dushewa a ɗaki mai haske, in kuma aka rufe tagogi duka zafi ya dami yara. Wannan na cikin dalilan da suka sa mai kama da talabijin ya fi dacewa da ajin karkara, duk da tsadarsa.

Shin na baya yana gani?

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a sakandare. Kowa ya san ajujuwan gwamnati da yawa sun ninka haka. A irin wannan aji girman allo ba ado ba ne.

Allo mai inci 65 tsayinsa kusan santimita 81 ne, mai inci 75 kusan 93, mai inci 86 kusan 107. Masu harkar kafa sikirin na da wata ƙa'ida: mai karanta rubutu kada ya yi nisan da ya wuce tsayin sikirin sau shida. Ke nan mai inci 65 na kaiwa kusan mita 5, mai inci 75 mita 5 da rabi, mai inci 86 kusan mita 6 da rabi. A ajin da tsawonsa ya kai mita 8, layukan baya sun fita daga wannan iyaka ko da babban aka saya. Baƙin allon siminti da ya ratsa bango ya fi kowanne cikinsu faɗi, shi ya sa bai kamata a fasa shi ba. A bar shi a gefe domin taken darasi da bayanin da za a kwafa, allon taɓawa kuma ya ɗauki hoto, motsi da aikin gwaji.

Gwajin da ya fi kowanne sauƙi shi ne malami ya buɗe shafinsa, ya taka zuwa bangon baya ya zauna a inda yaro ke zama. Abin da bai karantu daga can ba, a ƙara masa girma ko a cire shi. Layi biyar na manyan haruffa a shafi ɗaya sun isa. Ana kuma iya juya zama duk mako, layin baya ya dawo gaba, domin kada 'yan mata ko ƙananan yara su dawwama a inda ba a gani.

Yadda darasin minti arba'in zai kasance

A ɗauki darasin lissafi na kason abu a aji biyar na firamare. Yaran wannan yanki sun san gona ciki da waje, sun san iyaka, sun ji ana maganar rabon gado.

Minti biyar na farko, malam ya buɗo shafin jiya da ya adana, ya yi tambaya biyu a kai. Wannan na cikin manyan fa'idodin allon, domin abin da aka rubuta da alli an goge shi tun jiya.

Minti goma na gaba, ya zana gona mai kusurwa huɗu, ya raba ta biyu, gero a rabi, dawa a rabi. Sai ya kwafi gonar ya raba ta huɗu, ya ja rubu'i biyu da yatsa ya ɗora su a kan rabin farko, yara su gani da idonsu cewa sun rufe shi daidai. Da alli sai an sake zane uku ana fatan su yi daidai da juna. A nan jan yatsa ɗaya ne.

Minti goma sha biyar na tsakiya su ne zuciyar darasin. Malam ya fito da tambaya: tsakanin sulusi da rubu'in gona wanne ya fi girma? Ba ya kiran kowa gaban allo tukuna. Kowane yaro ya zana amsarsa a littafinsa, ya nuna wa na kusa da shi, sannan kowa ya ɗaga katin kwali mai A ko B a lokaci ɗaya. Da kallo ɗaya malam ya san ko ajin ya gane. Yara da dama za su zaɓi rubu'i saboda huɗu ta fi uku. Sai a lokacin ya kira mutum biyu, ɗaya daga kowane ra'ayi, su ja yankunan gonar su ɗora ɗaya a kan ɗaya, ajin ya yanke hukunci da kansa.

Dalilin wannan jeri lissafi ne kawai. In yara 80 za su fito kowa ya yi minti ɗaya a gaban allo, ana buƙatar minti 80, ninki biyu na darasin. Saboda haka fitowa gaban allo ta mutum biyu ko uku ce, tunani da rubutu kuwa na kowa ne, kuma su ake fara yi.

Minti goma na ƙarshe, a kashe hasken allon ko a bar shi fari, yara su yi aiki uku a littafi, malam ya zagaya. Ya ɗauki hoton aikin yaro ɗaya da wayarsa, ba tare da sunansa ya fito ba, ya haska shi a allo a gyara tare. Sannan ya adana shafin da sunan darasi da kwanan wata.

Haka tsarin yake a sauran darussa. A kimiyyar noma, yaro ya zo da ganyen masara da tsutsa ta ci ko saiwar dawa da wuta-wuta ta kama, a ɗauki hotonsa, a ƙara girmansa, a sa wa sassan suna. A labarin ƙasa, a buɗe taswirar da aka sauke tun a gari, a nemo madatsar ruwan Watari a Bagwai da ta Tomas a yankin Ɗanbatta, a bi hanyar da buhun riɗi ke bi zuwa kasuwar Dawanau. A Turanci, a ja kalmomi a jera jimla. Bidiyo kuwa kada ya wuce minti uku ba a tsayar an yi tambaya ba. In ya zarce haka, ajin ya koma gidan kallo.

Manhajojin da ba sa buƙatar data

A ƙauyuka da dama sabis na zuwa yana ɗaukewa, kuma babu makarantar da za ta jure sayen data kullum. Ƙa'idar ita ce a sauke komai tun a inda sabis ke da ƙarfi, a zuba a filas ko a tura ta Xender.

OpenBoard manhajar rubutu da zane ce ta kyauta ga allon da ke haɗe da kwamfuta. Asalinta daga Jami'ar Lozan ta Suwizalan ne, daga baya wani shirin gwamnatin Faransa na ilimin zamani a Afirka ya sake ta kyauta da sunan Open-Sankoré, sunan da aka aro daga masallacin Sankore na Timbuktu. GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001, ta lissafi ce da zanen siffofi. PhET, wanda Carl Wieman mai lambar Nobel ya kafa a Jami'ar Kolorado a 2002, tarin gwaje-gwajen kimiyya ne da ake taɓawa: a haɗa batir da ƙwan fitila, a ƙara batir a ga haske ya ƙaru. Ga makarantar da ba ta da ɗakin gwaji wannan babban abu ne, kuma ana iya sauke gwaje-gwajen a yi aiki da su babu intanet. Kiwix na ba da damar ɗaukar Wikipedia, har da ta Hausa, a cikin filas. Kolibri na tara darussa a kwamfuta ɗaya ta raba wa wasu na'urori ta Wi-Fi na cikin gida. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, mai darussan da suka bi manhajar karatun Najeriya.

Wayar malami ma kayan aiki ce. Yawancin alluna masu Android na karɓar hoton sikirin waya ta Wi-Fi ko babu data. Amma kafin a haɗa, a kashe sanarwar saƙonni, in ba haka ba saƙon WhatsApp na gida zai faɗo a gaban yara tamanin. Kada kuma a bar asusun Google na mutum a buɗe a allon da kowa ke taɓawa. Hotunan ɗalibai ba na ɗorawa a TikTok ko Facebook ba ne ba tare da yardar iyaye ba. Mai shirin sayen wayar haɗi ta USB-C zuwa HDMI ya bincika tukuna, domin wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa ba sa fitar da hoto ta wannan kafa.

In kuɗin allo bai samu ba

A ƙarshen 2007 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Johnny Chung Lee, ya nuna yadda za a mai da kowane bango allon taɓawa. A gaban rimot ɗin wasan Nintendo Wii akwai kyamarar da ke ganin hasken da ido ba ya gani. Sai ya haɗa alƙalami mai ƙaramar fitila irin ta rimot, ya ajiye rimot ɗin Wii yana kallon bangon da majigi ke haskawa, ya haɗa shi da kwamfuta ta Bluetooth, ya kuma saki manhajar kyauta. Duk inda alƙalamin ya haska, kwamfuta na ɗauka an taɓa wurin. Matashi mai ɗan sanin haɗa waya da dalma zai iya gwada wannan in akwai majigi da kwamfuta.

Akwai kuma hanyar da yanayin yankin kansa ya bayar. Karkarar da ke kewaye da Kano na cikin wuraren da jama'a suka fi cika a karkarar Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Ke nan makarantu ba su da nisa da juna. Maimakon a warwatsa alluna a ajujuwan da ba su da ƙofa, ana iya gyara ɗaki ɗaya a makarantar tsakiya, mai silin da ƙarfen taga da sola da maigadi, a yi masa jadawali, ajujuwa da makarantun kusa su riƙa zuwa bi da bi. Malaman yankin kuma su haɗu a ɗakin sau ɗaya a wata, kowa ya nuna darasin da ya shirya, a kwafa a filas. Darasi ɗaya mai kyau kan kason abu zai yi wa makarantu biyar aiki.

Tambayoyi kafin a sa hannu

Shugaban makaranta, kwamitin SBMC ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ke shirin saye su nemi amsar waɗannan a rubuce. Garantin na shekara nawa ne, kuma wa zai zo gyara daga Kano? Manhajar rubutun ta kyauta ce ko sai an riƙa biyan kuɗin shekara? Tana aiki babu intanet? Ana iya fitar da darasi a matsayin PDF ko hoto, yadda zai buɗu a wani allon? Ana samun alƙalami da rimot na canji? Horo na kwana nawa ne, kuma za a dawo bayan wata uku a ga yadda ake ciki? Horon yini ɗaya a ranar buɗe ɗaki na koya wa malami inda maɓalli yake ne kawai. A horar da aƙalla malamai uku a kowace makaranta, domin in an yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada ɗakin ya mutu.

A nan ne matasa masu sanin waya ke da rawar takawa. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi da ya zo koyon koyarwa, ko mai bautar ƙasa, ko mai shagon caji da tura fina-finai a bakin kasuwa, duk sun iya sauke fayil, haɗa waya da sikirin da gano dalilin da ya sa abu ya ƙi buɗewa. Malami mai shekara ashirin a aji ya san inda yara ke tuntuɓe a darasi, abin da matashin bai sani ba. In suka zauna awa ɗaya a mako suka shirya darasi biyu tare, an samu abin da babu kamfanin da ke sayarwa a kwali.

A ƙarshen zango kuma a auna. A duba littafin ɗakin a ga darasi nawa aka yi da allon da kwana nawa ya yi a kashe da dalili. A ba ajin tambayoyi goma kan abin da aka koyar, a kwatanta sakamakon layin gaba da na baya, na maza da na mata. In na baya ba su motsa ba, a koma kan girman rubutu da tsarin zama da yawan lokacin da yara ke yi da alƙalami a hannu, a gyara kafin a shiga zango na gaba.